Dokta Carlo Urbani: Likitan da ya gane annoba tun ba ta da suna

Kowace sabuwar annoba tana da wani ɗan lokaci da takan yi tana yawo a cikin jama'a ba tare da suna ba. A wannan tsakanin babu sanarwar gwamnati, babu gargaɗi a rediyo, babu ma wanda ya san akwai abin gudu. Majiyyaci yakan zo da zazzaɓi da tari irin na yau da kullum, a karɓe shi hannu biyu, a auna shi, a ɗaura masa ruwa, a share masa amai. Waɗanda ke yin wannan hidima kuwa su ne nas-nas da ungozomomi da likitan da ke bakin aiki da masu share ɗakin majiyyata. Kafin manyan masana su zauna su raɗa wa cutar suna, ta riga ta shiga jikin waɗannan bayin Allah. Wannan ne ya sa na ga ya dace in kawo wa mai karatu tarihin wani likita ɗan ƙasar Italiya, Dokta Carlo Urbani, wanda ya rasu a shekarar 2003, domin rayuwarsa da mutuwarsa sun ƙunshi kusan duk abin da ya kamata mu sani game da wannan lamari.

An haifi Carlo Urbani ranar 19 ga Oktoban 1956 a Castelplanio, wani ƙaramin gari da ke lardin Ancona a tsakiyar Italiya. Tun yana saurayi aka san shi da shiga ayyukan sa-kai na taimaka wa naƙasassu da marasa galihu. Ya kammala karatun likita a Jami'ar Ancona a 1981, daga bisani ya ƙware a fannin cututtuka masu yaɗuwa da na ƙasashe masu zafi a Jami'ar Messina. Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne, aikinsa na farko shi ne likitan gari a mahaifarsa, wato irin likitan nan da kowa ke fara zuwa wurinsa, da mai ciwon kai da mai ciki da tsohon da ƙafa ta dama. A nan ya koyi duban majiyyaci da ido da kunne da hannu tun kafin a kai ga na'ura. Bayan wasu shekaru ya koma sashen cututtuka masu yaɗuwa na asibitin birnin Macerata.

Da ya so, da ya yi zamansa a nan cikin rufin asiri har ya yi ritaya. Amma tun a ƙarshen shekarun 1980 ya fara amfani da hutunsa yana zuwa Afirka, musamman Habasha da Muritaniya. A 1993 ya zama mai ba Hukumar Lafiya ta Duniya shawara kan cututtukan tsutsar ciki, kuma a Muritaniya ne ya tabbatar da yaɗuwar tsargiyar hanji, wadda ake ɗauka a ruwan da dodon-koɗi mai ɗauke da ita ke rayuwa. Wannan fanni ba shi da farin jini a tsakanin likitoci, don babu kuɗi a cikinsa, babu suna. Ciwo ne na 'ya'yan talakawa masu wanka a rafi, wanda ke tsotse jinin yaro ya hana shi girma da karatu, alhali maganinsa bai taka kara ya karya ba. Urbani ya ɗauki wannan a matsayin abin kunya ga duniya, ya kuma mayar da shi aikin rayuwarsa.

A 1996 ya shiga ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari Na-kowa, wato MSF, ya kwashi iyalinsa suka tafi Kambodiya. A can ya yi aiki a ƙauyukan bakin kogin Mekong, inda wata irin tsargiya ke kumbura cikin yara tana lalata musu hanta. Ya lura cewa dodon-koɗin da ke yaɗa cutar yana maƙalewa ne a jikin duwatsun da ke bayyana idan ruwa ya janye, don haka tambayar yara ko akwai duwatsu a inda suke wanka ta isa ta nuna ƙauyen da ya fi bukatar magani, ba sai an auna kowa ba. Wannan ita ce irin basirarsa: neman hanya mai araha da ma'aikacin ƙauye zai iya bi. A 1999 aka zaɓe shi shugaban reshen ƙungiyar na Italiya, kuma yana cikin tawagar da ta je Oslo a watan Disambar wannan shekara ta karɓi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a madadin ƙungiyar. A shekarar 2000 ya koma Hanoi, babban birnin Biyetnam, a matsayin jami'in Hukumar Lafiya ta Duniya mai kula da cututtukan tsutsar ciki a wannan yanki, inda ya duƙufa wajen ganin ana raba wa 'yan makaranta maganin tsutsa.

Yana cikin wannan aiki ne wata baƙuwar cuta ta ɓulla a lardin Guangdong da ke kudancin ƙasar Sin, a watan Nuwamban 2002. Hukumomin ƙasar sun yi gum da bakinsu har zuwa 11 ga Fabrairun 2003, lokacin da suka shaida wa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa mutum 305 sun kamu da wani irin ciwon huhu, biyar sun mutu. Ranar 21 ga Fabrairu wani likita daga birnin Guangzhou, wanda ya ɗauki cutar a wajen jinyar masu ita, ya sauka a hawa na tara na otal ɗin Metropole da ke Hong Kong domin halartar bikin wani ɗan'uwansa. Kwana ɗaya tak ya yi a otal ɗin kafin a kwantar da shi a asibiti, amma a wannan dare cutar ta kama baƙi fiye da goma, waɗanda suka hau jiragen sama suka kai ta Singafo da Kanada da Biyetnam. Mai karatu ya lura, wanda ya fito da cutar daga ƙasar Sin ma ma'aikacin lafiya ne da ya kamu a bakin aiki.

Ɗaya daga cikin baƙin otal ɗin wani ɗan kasuwa ne Ba'amurke, wanda aka kwantar ranar 26 ga Fabrairu a Asibitin Faransa na Hanoi, wani ƙaramin asibitin kuɗi mai gadaje kimanin 60. Likitocin asibitin sun ji tsoron ko murar tsuntsaye ce, domin a cikin watan an tabbatar da ita a jikin wani mutum da ɗansa a Hong Kong. Ranar 28 ga Fabrairu suka tuntuɓi ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya, kiran kuwa ya faɗa kan Urbani. A ƙa'ida wannan ba fanninsa ba ne, kuma babu wanda zai zarge shi da ya miƙa maganar ga na sama da shi ya koma kan tsutsarsa. Sai ya tashi ya je ya duba majiyyacin da kansa. Abin da ya gani bai yi kama da mura ba, bai kuma yi kama da ciwon huhun da ya sani ba, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa shi, huhun kuma sai ƙara toshewa yake yi. Nan take ya aika wa shugabanninsa rahoto cewa ana fuskantar wani sabon abu mai haɗari.

Ba a yi mako guda ba hasashensa ya tabbata. Ranar 5 ga Maris, ranar da aka ɗauke ɗan kasuwar zuwa Hong Kong inda daga baya ya rasu, ma'aikatan asibitin bakwai da suka yi jinyarsa sun riga sun kwanta. Zuwa 10 ga wata adadin ya kai aƙalla 22. Asibiti ya juye, masu jinya suka zama majiyyata, waɗanda suka rage a tsaye kuma suka yanke shawarar kwana a asibitin don kada su kai wa iyalansu cutar. Urbani ya riƙa zuwa kullum. Yana ɗibar samfurin jini da majina don aikawa ɗakunan bincike, yana rubuta yadda cutar ke tafiya a jikin kowane majiyyaci, yana ware masu ciwo daga masu lafiya, yana nuna wa ma'aikata yadda za su sa takunkumi da safar hannu da riga, yana kuma kwantar musu da hankali. An ruwaito cewa maiɗakinsa ta nuna masa damuwarta, ta tuna masa cewa suna da 'ya'ya uku, shi kuwa ya nuna mata cewa idan likita ya guje wa irin wannan rana, to bai ga amfanin zamansa a ƙasar yana amsa wasiƙu da halartar liyafa ba.

To amma a nawa ganin, babban aikin da ya yi bai tsaya a bakin gadon majiyyaci ba. Ranar Lahadi 9 ga Maris, shi da wakiliyar Hukumar Lafiya ta Duniya a Biyetnam, Pascale Brudon, suka zauna da mataimakin ministan lafiya na ƙasar har na kusan awa huɗu. Abin da suke nema abu ne mai ɗaci ga kowace gwamnati: a killace asibitin, a amince a fili cewa akwai cuta, a bar ƙwararru daga waje su shigo, a kuma fara binciken matafiya, duk da sanin cewa hakan zai kori 'yan yawon buɗe ido da masu zuba jari. Gwamnatin Biyetnam ta amince. Aka rufe asibitin, aka keɓe wani sashe a babban asibitin gwamnati na Bach Mai don karɓar sababbin majiyyata, ƙwararru suka iso, ƙungiyar MSF ma ta turo tawaga da irin kayan kariyar da take amfani da su wajen yaƙi da Ebola. Ranar 12 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wa duniya gargaɗi, ranar 15 ga wata kuma ta raɗa wa cutar suna SARS, wato matsanancin ciwon sarƙewar numfashi.

Urbani bai ji wannan gargaɗi yana kan ƙafafunsa ba. Ranar 11 ga Maris ya hau jirgi zuwa Bankok, babban birnin Tailan, domin wani taro kan maganin tsutsar 'yan makaranta. A cikin jirgin ya ji zazzaɓi ya rufe shi, kuma ya san ko mene ne. Da ya sauka, sai ya hana abokin aikinsa da ya zo tarbarsa matsowa kusa da shi, suka zauna nesa da juna suna jiran motar asibiti. Ya yi kwana 18 a killace, numfashinsa na ƙara yin ƙasa, har aka sa masa na'ura. Kafin ya fita hayyacinsa ya bar wasiyyar a ɗebi wani yanki na huhunsa don bincike. Ya rasu ranar Asabar 29 ga Maris, 2003, yana da shekara 46. Samfurin da aka ɗiba daga jikinsa yana cikin waɗanda aka yi amfani da su wajen gano ƙwayar cutar, wadda hukumar ta tabbatar ranar 16 ga Afrilu cewa wata sabuwar bairas ce daga dangin korona, har masana suka sa wa wannan samfuri sunansa.

Wata guda bayan rasuwarsa, ranar 28 ga Afrilu, aka ayyana Biyetnam a matsayin ƙasa ta farko da ta shawo kan cutar. Mutum 63 suka kamu a can, fiye da rabinsu ma'aikatan lafiya ne, biyar suka mutu, kuma dukkansu likitoci ne da nas-nas na wancan ƙaramin asibiti. A ƙasar Sin kuwa, inda aka yi ta rufa-rufa, cutar ta kama fiye da mutum dubu biyar, har sai da aka sauke ministan lafiya da magajin garin Beijing a watan Afrilu. Bayan da aka sanar da kawo ƙarshen annobar ranar 5 ga Yulin 2003, alƙaluman ƙarshe na Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa mutum 8,096 ne suka kamu, 774 suka mutu. A cikin waɗanda suka kamu, 1,706 ma'aikatan lafiya ne, wato mutum ɗaya cikin kowane biyar. A Kanada da Singafo, ƙasashen da ba za a ce ba su da kayan aiki ba, adadin ya haura kashi 40 cikin ɗari.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa cutar ta fi cin masu jinya? Dalili na farko yana cikin ɗabi'ar ƙwayar cutar, domin mai SARS ya fi yaɗa ta a mako na biyu na ciwonsa, lokacin da ya riga ya kwanta a asibiti, ba kowa a kusa da shi sai ma'aikata. Na biyu, ayyukan ceton rai irin su zura bututu a maƙogwaro da zuƙe majina suna watsa ƙwayar cikin iska daidai fuskar mai yin su. Na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne rashin sani. Yawancin waɗanda suka kamu a Hanoi sun kamu ne a kwanakin farko, lokacin da ake ɗaukar majiyyacin a matsayin mai mura. Hujja a kan haka ita ce asibitin Bach Mai, wanda bai kai Asibitin Faransa ƙawa ba, ya yi jinyar masu cutar da dama ba tare da an samu ma'aikacinsa ko ɗaya ya kamu ba. Ma'aikatansa sun san abin da ke gabansu tun daga ranar farko, ɗakunan kuma manya ne, tagogi a buɗe, iska na shiga tana fita.

Duniya ta ce ta ɗauki darasi. A 2005 aka sabunta dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa, waɗanda suka fara aiki a 2007, suka wajabta wa kowace ƙasa sanar da ɓullar baƙuwar cuta cikin gaggawa. Amma da 'yar'uwar SARS, wato korona, ta zo a ƙarshen 2019, sai aka maimaita labarin a faɗin duniya. Ita wannan ta ma fi wayo, domin mutum na yaɗa ta tun kafin ya ji ciwo, abin da ya sa haɗarin ya sauko daga ɗakin masu tsananin ciwo zuwa ƙananan asibitocin sha-ka-tafi da kantunan magani, inda ake fara zuwa kuma inda kayan kariya ke isa a ƙarshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin Janairun 2020 da Mayun 2021, ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 zuwa 180,000 ne cutar ta kashe.

Mu a nan ba baƙin wannan labari ba ne. Zazzaɓin Lassa ya samo sunansa ne daga garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, kuma duniya ta san shi ne a 1969 ta hanyar nas-nas uku da suka kamu ɗaya bayan ɗaya, biyu suka mutu. A 1970 ya kashe Dokta Jeanette Troup a Jos, bayan ta yanke a yatsa wajen binciken gawar wani da cutar ta kashe. A 2014 Dokta Ameyo Stella Adadevoh ta yi a Legas irin abin da Urbani ya yi a Hanoi: ta gane Ebola a jikin wani matafiyi daga Laberiya, ta ƙi sallamarsa duk da matsin lamba, ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Albarkacin tsayuwarta, cutar ta tsaya a kan mutum 20 a ƙasa mafi yawan jama'a a Afirka. Har gobe kuma, duk rani, zazzaɓin Lassa na ɗaukar ma'aikatan lafiya a jihohinmu.

Saboda haka nake ganin yabon jarumta kaɗai bai wadatar ba, hasali ma yakan zama hanyar da hukumomi ke bi su sauke nauyin da ke kansu da araha. Sanya wa titi sunan likitan da ya mutu ya fi sauƙi a kan saya wa waɗanda ke raye safar hannu. Tarihin Urbani yana nuna mana abu uku da ba sa bukatar mu jira tallafin ƙasashen waje. Na farko, dole kariya ta riga gano cuta zuwa, wato ruwa da sabulu da takunkumi da safar hannu da ɗaki mai iska su zama kayan aikin yau da kullum a kowane ɗakin shan magani, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, a buɗe hanyar da ma'aikacin da ke can ƙasa zai ce ya ga abin da bai gane ba, a saurare shi a ranar, ba tare da an tuhume shi da tayar da hankalin jama'a ba. Da likitocin Hanoi sun yi shiru don kare sunan asibitinsu, ko da mataimakin ministan nan ya fifita kuɗin 'yan yawon buɗe ido, da labarin ya sha bamban. Na uku, ma'aikacin da ya kamu a bakin aiki ya san cewa za a yi jinyarsa, idan kuma ta Allah ta kasance, iyalinsa ba za su shiga bara ba. Wanda bai da wannan tabbaci, ranar da annoba ta zo zai rufe ƙofa ya gudu, kuma ban ga mai bakin zarginsa ba.

Ina kira musamman ga waɗanda ke karanta wannan shafi daga cikin kwamishinoni da manyan sakatarori da shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisa. A 2001, a birnin Abuja, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga kiwon lafiya, alƙawarin da gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba. Kafin a kai ga wannan, kowane ɗayanku na iya ziyartar ƙaramin asibitin mazaɓarsa ba tare da sanarwa ba, ya duba ko famfo na kawo ruwa, ya buɗe kabad ya ƙirga safar hannu, ya tambayi ma'aikaciyar da ke wurin wa za ta kira idan mutum uku daga gida ɗaya suka zo mata da zazzaɓin da ya ƙi jin magani. Idan ba ta da amsa, to a nan annoba ta gaba za ta shigo, kuma ita ce za ta fara biya da ranta kafin ta iso gidajenmu.

An binne Carlo Urbani a Castelplanio, garin da ya fara aiki a matsayin likitan kowa da kowa, kuma a 2023 aka buɗe gidan tarihi da sunansa a can. Allah Ya kare ma'aikatan lafiyarmu, Ya kuma ba shugabanninmu ikon sauke haƙƙinsu tun suna raye.